Jim ko buhun naushi? Ina neman shawara kan saurin fushi

Ɗan Badarawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata gyaran waya, ina fita ƙarfe 8, ba na dawowa sai bayan isha'i. Zuciya ce ke neman kai ni inda ba na so. Ranar Talata yarona ɗan shekara 4 ya zubar da shayi a kan wayar wani da na zo da ita gida in ƙarasa. Ban doke shi ba, amma na ɗauki kofin na maka da bango, tsawar da na daka masa sai da ya saki fitsari a wando. Uwarsa ba ta ce uffan ba, ta sa tsintsiya ta kwashe fasassun. Yau kwana uku, in na yi sallama sai ya ɓuya bayan zanenta. Na tara N30,000. In biya jim ne, wato gidan motsa jiki, ko in sayi buhun naushi in rataye a tsakar gida? Gwiwata ta dama ba ta ɗaukar gudu tun haɗarin babur, kuma lokacina daga asuba ne zuwa ƙarfe 7. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka min.

Ɗan Tsere: Wa'alaikumussalam. Gudu kawai, abokina. Ka nemi kambas na gwanjo ka zo Murtala Square ranar Asabar da safe. Ni da tseren Kaduna na 2020 na fara, har yau ban daina ba. In na yi kilomita 10 ko zagina ka yi dariya zan yi.

Koci T/Wada: Jim ya fi. Inda nake horarwa N15,000 ne a wata. Ƙarfe yana cinye fushi, in ka gama hannunka ma ba zai ɗagu ba.

Na Malali: N15,000 a wace Kadunar? Na tambaya a Unguwar Rimi watan jiya, N35,000 aka ce min ban da kuɗin rajista.

Koci T/Wada: Ai sanyin na'ura ka je saya, ba motsa jiki ba.

Ɗan Kawo: Namu na bayan layi N500 ne duk shiga, ƙarafan ma a Panteka aka haɗa su. Amma ba ya buɗewa da asuba.

Maman Biyu: Ɗan uwa, ka yi haƙuri, ban cika magana a nan ba, amma da na karanta zancen tsintsiya sai da hawaye ya zubo min, don na yi shekara 6 ina wannan sharar. Tsohon mijina ɗan ɗaga ƙarfe ne. A zaure yake da nasa, siminti a gwangwanayen fenti da sandar ƙarfe a tsakiya. Duk ranar da muka saɓa sai ya fita can, ina daga ɗaki ina jin nishinsa da ƙarar gwangwani a ƙasa. Da farko har godiya nake wa Allah, na ce ya samu inda zai sauke. Ashe ba saukewa yake ba, bitar maganar yake yi. Yana ɗagawa yana tuna abin da na ce, ya shigo jiƙe da gumi, ido ja, ya ɗora daga inda aka tsaya. Na yi yaji sau uku, sau uku ana biko, kawunsa yana cewa ai yaron yana ƙoƙari, ba ku ga har motsa jiki yake ba? Ranar ƙarshe a kan gishirin miya ne. Ya hankaɗa ni na faɗa kan murhu, ina da cikin wata 5. Allah ya tsare cikin, su ne 'yan biyun nan, amma tabon yana hannuna na hagu. Kada ka kai buhun nan gidan da yaro ke tsoronka. Ƙarar naushi kaɗai za ta ishe shi.

Hajiyar Kabala: Innalillahi. Sannu ƙanwata, Allah ya saka miki. Yana kawo kuɗin abincin yaran kuwa?

Maman Biyu: Sau biyu ya aiko, Yaya, tun suna jarirai. Da ɗinki nake riƙe da su. Amma na ji har yanzu bai fasa biyan kuɗin jim ba.

Koci T/Wada: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, amma halinsa ne, ba laifin ƙarfe ba. Na horar da samari da yawa da suka bar shaye-shaye saboda jim.

Maman Biyu: Ban ce laifin ƙarfe ba ne, Malam. Cewa na yi bai warkar da shi ba, kuma ya zame masa hujja a gaban manya.

Sista Barnawa: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da Maman Biyu ta gani da idonta bincike ya nuna shi. A 2024 masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun tattara bincike 154 da aka yi kan mutum sama da 10,000. Abin da ya fi rage fushi shi ne abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali da sassauta gaɓoɓi. Naushin buhu bai taimaka ba, sassarfa ma ta fi karkata ga ƙara shi, amma wasannin ƙwallo sun rage. Dalilin a fili yake: mai fushi zuciyarsa na bugawa da sauri, jikinsa ya ɗau zafi, in ka ƙara masa wuta ba zai huce ba. Wannan bai hana motsa jiki na kullum ba, yana gyara barci da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. Da gwiwarka, tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba ta wadatar, ko keke. Kuma in abin ya kai ga fasa kaya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Barnawa, ganin likita ba hauka ba ne.

Ɗan Tsere: Sista, da girmamawa, Bature ya ce gudu na ƙara fushi, ni kuma da ƙafata na gwada. Wa zan yarda da shi?

Sista Barnawa: Kai kana gudu ne kullum, ba a tsakiyar faɗa ba. Ba abu ɗaya ba ne.

Malam Na Rigasa: Duk kun tafi nesa. Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa, kuma ya nemi tsari daga Shaiɗan. Ya kuma ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ɗana, ka ɗauki yaron nan a cinya ka ba shi haƙuri, girmanka ba zai zube ba.

Sista Barnawa: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Zaman da kishingiɗar ai su ne kwantar da jikin da nake faɗa.

Baba Tsohon Soja: Likita da malami duk sun yi magana, amma wanda bai taɓa jin jininsa ya hau ka ba ya bari mu faɗa. Ni na yi fama da wannan bayan ritaya. Abin da ya yi min aiki yarjejeniya ce da uwargida: in na ɗauki hulata na fita, kada ta bi ni da magana, ni kuma ba zan dawo ba sai numfashina ya daidaita. Daga Unguwar Dosa nake takawa har gadar Kawo in juyo. Sisi ban kashe ba.

Sarkin Zolaya: Ka ba ni N30,000 ɗin, ka zo ka yi min dakan fura kullum da asuba. Ga motsa jiki, ga lada, ga fura.

Hajiyar Kabala: Kai dai ba ka san lokacin wasa ba.

Ɗan Kawo: Baba, tafiyar asubar nan da kuke faɗa, ku riƙa faɗin sauran. Ƙanena ya fita sassarfa kafin gari ya waye, yara uku suka tare shi da wuƙa suka ƙwace wayarsa, har yanka a yatsa. Mai gyaran waya kuma, wa ya san wayar wa ke aljihunsa?

Na Malali: Ai da a filin unguwa ake yi cikin jama'a. Namu da muka taso muna buga ƙwallo an yanka shi fuloti-fuloti, yanzu shaguna ne. Sista ta ce ƙwallo na rage fushi, to a ina za a buga?

Maman Biyu: Ku maza kuna da titi ma. Mace in ranta ya ɓaci ina za ta? Daga ɗaki sai madafa.

Ɗan Badarawa: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Yaya Maman Biyu, na fasa sayen buhun. Malam, daren jiya na sayo masa biskit, ya karɓa amma daga hannun uwarsa. Sista, keken motsa jiki na tsaye zai yi wa gwiwar illa? Kuma nawa ake samun na hannu?

Koci T/Wada: Akwai wanda zai sayar N60,000.

Ɗan Kawo: Na ga irinsa N45,000, amma fedarsa ɗaya ta karye.

Na Malali: Filin bayan makarantarmu ma jiya na ga an sauke bulo a bakin raga. Ɗan Kawo, ku naku yana nan?