Batir yana mutuwa idan mota ta kwana biyu a ajiye: laifin batir ne ko wani abu ke shan wutar?

Mai Corolla:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce ƙirar 2009, batir mai 60Ah, shekararsa ɗaya da rabi. Idan ana hawanta kullum tana tashi ba gardama, amma ta kwana biyu a ajiye sai makulli ya yi ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod su dushe. An sa mata rediyon Android kwanakin baya. Wani ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, wani ya ce in sayi sabon batir. Ta ina zan fara kafin in kashe kuɗi?

Rewaya Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Abu uku ne ke kawo haka: ko batir ya daina riƙe caji, ko altaneta ba ta cika shi, ko kuma wani abu na zuƙar wuta bayan an zare makulli. Ƙaramar malti-mita, wato na'urar awon wuta, za ta raba maka gardama, amma sai ka bi su a jere, domin awon da aka yi a kan batir marar caji ƙarya yake faɗa.

Fara da kai batirin wurin masu caji a cika shi a hankali, kamar 6A na awa goma zuwa sha biyu. Zagaya gari da mota ba ya cika batirin da ya mutu murus, altaneta kawai kake wahalarwa. Idan an cire shi daga caji a bar shi ya huta wasu awanni, sannan ka juya mita zuwa DC 20V ka ɗora a kawunansa. 12.6V cikakke ne, 12.4V ya ɗan ragu, 12.2V rabi ne. Idan ka ga wajen 10.5V bayan caji, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, tunda kowane ɗaki 2.1V yake bayarwa. Wannan ba shi da gyara.

Mayar da shi mota, wani ya murza makulli kana kallon mita. Lokacin da kik ke juya inji kada lambar ta sauka ƙasa da 9.6V. Da injin ya tashi ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.5V. Kunna manyan fitilu da esi ka ɗan taka totur: idan ta zauna sama da 13.5V altaneta na aikinta. Ƙasa da 13V, duba fanbel ko ya saki kafin ka zargi altanetar kanta. Sama da 15V kuwa regileta, mai daidaita wutar da altaneta ke bayarwa, ita ce ta lalace, tana dafa batir tana ƙone masa ruwa.

Don Allah kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta. Har yanzu ana yi a garejoji, kuma wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota.

Injiniyan Lantarki:
Bayanin oga daidai ne, sai dai ni hankalina ya fi karkata ga na ukun, wato wani abu na zuƙar wuta, saboda motar da ake hawa kullum tana tashi lafiya. Ga yadda ake kama ɓarawon wuta.

Kashe komai, zare makulli, ka cire cajar waya daga soket. Buɗe ƙofar direba don ka samu kaiwa ga akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari, amma ka tokare ɗan maɓallin da ke jikin ginshiƙin ƙofar ya zauna a danne, don mota ta ɗauka a rufe take. Matsar da jar wayar mita zuwa ramin 10A. Kwance kan batir na nagetif, ka sa mita a tsakani: waya ɗaya a kan batir, ɗayar a kan wayar da ka kwance. Daga nan kada ka kuskura ka murza makulli ko ka kunna fitila, fiyus ɗin cikin mita zai tashi nan take.

Lambar farko za ta yi yawa, kada ta tayar maka da hankali. Kwamfutocin mota ba sa yin barci nan da nan, ka jira minti ashirin zuwa talatin. Bayan haka abin da ya dace shi ne 0.05A ko ƙasa, wato ɗan abin da agogo da ƙwaƙwalwa da rimot ke ci. Idan ya wuce haka sosai, fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana duban mita, ka mayar da kowanne gurbinsa kafin ka zare na gaba. Wanda ka zare lambar ta faɗi, a layinsa matsalar take. A Toyota na fi son a fara da DOME da ECU-B da na rediyo.

Ka yi lissafi ka ga yadda ƙaramin abu ke kashe batir: ƙwan but mai 5W da ya ƙi mutuwa yana cin kusan 0.4A, kusan 10Ah ke nan a kwana guda.

Idan ka gama zare fiyus duka lambar ba ta motsa ba, saura wurare biyu. Akwai kayan da ake jonawa kai tsaye a kan batir ba ta akwatin fiyus ba, irin su tiraka da amfilifaya da alam. Sannan akwai dayod ɗin altaneta, masu hana wuta komawa baya: idan ɗaya ya fashe, altaneta tana iya nuna 14V da rana, da dare kuma wuta ta riƙa komawa ta cikinta. Ka cire mitar daga tsakani, nagetif yana kwance, ka kwance babbar wayar bayan altaneta ka naɗe bakinta da tef, sannan ka maimaita awon.

Mai Batir Panteka:
Ƙarin abu kaɗan daga ɓangarenmu. Ka duba saman batirin. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid tana zama hanyar da wuta ke bi daga kai zuwa kai. A wanke da bakin soda a ruwa, a kankare farin garin da ke kan tamina, wato kawunan batir, a ɗaure tam yadda hannu ba zai iya juya shi ba. Idan mai murafu ne, ruwa ya rufe faranti, kuma tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara, ban da asid, ban da ruwan famfo. Zafin Afrilu da Mayu a nan Arewa yana cin batir fiye da yadda mutane ke zato, don haka shekara ɗaya da rabi ba ta wanke shi daga zargi.

Mai Corolla:
Allah Ya saka da alheri. Ga sakamako: bayan caji 12.5V, lokacin tayarwa 10.4V, inji na aiki 14.1V. Shan wuta bayan rabin awa 0.38A. Da na zare fiyus ɗin rediyo ya sauko 0.03A.

Injiniyan Lantarki:
Madalla, altaneta ta fita daga zargi. Ka sa a zaro rediyon a duba wayoyi biyu a bayansa. Rawaya ita ce ta wutar dindindin, ja kuma ta ACC ce wadda makulli ke yankewa. Sau da yawa mai ɗaurawa yakan murɗe su tare a kan wutar dindindin, sai allo ya yi duhu idan ka danna maɓalli alhali na'urar a farke take. A raba su, ja ta koma layin ACC. Idan da amfilifaya, a duba shuɗiyar wayar da ke kunna shi ita ma.

Amma akwai abin da bai kwanta mini ba. 0.38A na awa 48 wajen 18Ah ne kawai, kuma lafiyayyen batir mai 60Ah da aka ajiye a cike ya kamata ya tayar da Corolla bayan ya rasa wannan. Ko dai gajerun tafiye-tafiye ba sa barin sa ya cika, ko kuma mutuwar da ya sha yi ta sa gishirin salfet ya daskare a farantansa, ƙarfinsa ya ragu. Bayan an gyara rediyo ka sake cika shi, ka kwance nagetif ka bar shi kwana biyu. Idan ya tsaya a 12.4V ko sama kuma ya tayar da mota da kuzari, ci gaba da amfani da shi. Idan ya sauka wajen 12.2V ba tare da komai a jone ba, ka canza shi, kuma ka duba kwanan watan da aka buga a jikin sabon kafin ka biya.