Mutum 45 sun zo, 20 sun yarda: ƙarin kuɗin wata ya tabbata?

Sakataren Unguwa: Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban unguwa ce mai mambobi 120 a rajista. An kira taro don ƙara kuɗin wata, 45 suka halarta. Da aka ɗaga hannu, 20 suka yarda, 15 suka ƙi, 10 suka yi rowar ƙuri'a. Kundin ƙungiyar cewa kawai ya yi ana yanke hukunci "da rinjayen mambobi". Taron ya cika? Ƙarin ya hau kan kowa?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, tambaya biyu ka haɗa, a raba su tukuna.

Ta farko ita ce adadin zama, wato adadin da dole ya hallara kafin taro ya iya yanke komai. Kundinku ne ke faɗar wannan. In ya yi shiru, abin da aka fi bi a Najeriya shi ne ɗaya bisa uku, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa Majalisar Dattawa: cikin sanatoci 109 sai 37 sun zauna. Ɗaya bisa ukun 120 shi ne 40, ku kuwa 45 ne, to ta nan babu matsala.

Ta biyu ce mai wuya, domin "rinjayen mambobi" na ɗaukar ma'ana uku. In rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa ake nufi, 35 ne, ana buƙatar 18, ƙarin ya wuce. In na waɗanda ke zaune ne, 45 ke nan, sai an samu 23, ya faɗi, don kowane mai rowa ya zama kamar ya ce a'a. In na dukkan masu rajista ne, sai 61, abin da ko duk ɗakin ya ɗaga hannu ba zai kai ba. Ku buɗe littafin bayanan tarukan baya ku ga da wanne aka saba aiki. Tunda maganar aljihun mutane ce, ni dai a sake kiran taro, a rubuta batun ƙarara cikin sanarwa, sannan a gyara wannan jimlar ta koma "fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa".

Lauyar Kamfanoni: Na yarda da Baba Akawu, sai ƙari kaɗan daga dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA. Ga babban taron kamfani, adadin zama ɗaya bisa uku ne ko mutum 25, duk wanda ya fi ƙanƙanta, in kundin bai ce wani abu daban ba. Ƙuduri na yau da kullum rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa yake buƙata, na musamman kuma uku bisa huɗu tare da sanarwar kwana 21. In awa ɗaya ta wuce ba a cika ba, sai a ɗage zuwa rana irin ta yau a mako mai zuwa, amma in mambobi ne suka nemi a kira taron, ya watse ke nan.

Waɗannan na kamfanoni ne. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kundinta take bi, sai dai ta ari tsarin. Kuma duk gyaran da kuka yi wa kundin, sai hukumar ta amince da shi.

Wurin da rigima ta fi tashi shi ne ficewa. Wasu na ganin za su sha kaye sai shida su ɗauki takalmansu, 45 ta koma 39. Shi ya sa ake ƙirga kawuna sau biyu, lokacin buɗe taro da daf da ƙuri'a, a rubuta adadin da lokacin. Kundin ma ya fayyace ko ficewar ganganci na rushe taro.

Malamin Lissafi: A guji rubuta "rabi da ɗaya". Rabin 35 shi ne 17 da rabi, a ƙara ɗaya sai ya kai ka 19, alhali 18 ta riga ta zarce rabi. Biyu bisa uku kuma sama ake cike gutsurensa: na 35 shi ne 23 da ɗoriya, saboda haka 24. Hanya mai sauƙi ta gane an kai biyu bisa uku: masu eh su ninka masu a'a ko su fi. Kada a raina gutsuren nan, a kan biyu bisa ukun jihohi 19 Awolowo ya kai Shagari har Kotun Ƙoli a 1979.

Sannan Malam Sakatare, 120 ɗin nan duk suna nan? A tace rajistar kafin ranar taro, a cire waɗanda suka rasu da waɗanda suka bar ƙungiya, masu bashin kuɗin wata kuma a duba abin da kundin ya ce a kansu. In masu ikon ƙuri'a 90 ne, adadin zama 30 ne. Idan aka yi kunnen doki, ƙudurin ya faɗi, sai fa in kundin ya ba shugaba ƙuri'ar raba gardama.