Ruwan farko ya sauka a Jos, in fara shuka ko in dakata?

Maman Hanifa, Rikkos:

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen masu sanin harkar lambu. Mun tare a sabon gida nan Rikkos watan Disamba, bayan kicin akwai ɗan fili da bai wuce taku goma sha biyu a tsawo ba, faɗinsa kamar taku shida, rana na samunsa tun safe har wajen azahar sannan inuwar katanga ta rufe shi. Tun ina gidanmu nake da burin ace in zanyi miya in leƙa baya kawai in tsinko alayyahu da daddoya, ba sai na aiki yaro kasuwa ba ya dawo min da wanda ya kwana biyu ya yanƙwane. Toh shekaranjiya anyi ruwan farko, ƙasa ta tashi da ƙamshi, wlh kasa zama nayi sai da na sayo irin tumatir da karas da latas da alayyahu, maƙociyata kuma ta bani reshen na'a-na'a. Matsalar ita ce ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa, ga ɓaraguzan siminti da magina suka bari, maigida kuma ya samo min buhu biyu na kashin kaji daga gidan gona, ɗanye ne har yanzu yana wari. In shuka yanzu ko in jira? Kuma kashin kajin haka zan zuba shi?

Baba Sabo mai lambu:

Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya sa albarka a sabon gida. Jikana ne ke rubuta min, ni nake faɗa masa. Na daɗe ina lambu a bakin rafin Dilimi, kuma abu na farko da zan gaya miki kar ruwan nan ya ruɗe ki. Ruwan Afrilu a Jos yakan zo sau ɗaya ko biyu sai ya ɗauke, wani lokaci sati biyu ba ɗigo, rana ta buɗe, duk abin da ya tsiro ya ƙone. In kina da rijiya ko famfo da za ki iya ban ruwa safe da yamma to ba laifi, in kuwa sama kike jira ki bari sai damina ta zauna cikin Mayu.

Amma ba zama za kiyi ba, yanzu ne lokacin aikin ma, tunda ƙasa tayi laushi. Ki sa a tsince simintin nan tas, a sa diga a fasa ƙasar zurfin kamu ɗaya da rabi, a bi da manjagara a kwashe manyan duwatsu. Sannan kar a yi miki fangali mai zurfi irin na rani, wancan don ya riƙe ruwa ake yinsa. Na damina tudu ake tadawa, a bar hanyar ruwa a tsakani ta fita waje, don in Yuli da Agusta suka kama, ruwan garin nan sai ya kwana uku bai tsaya ba, duk shukar da saiwarta ta zauna cikin ruwa ruɓewa take.

Kashin kaji kuwa kar ki kuskura ki sa shi ɗanye, wuta ne, ƙone shuka yake. Ki juye shi a lungu, ki haɗa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, ki yayyafa ruwa ki rufe da tsohon buhu, duk sati a juya. In kin sa hannu ciki kika ji ba zafi, warin ya tafi, yayi baƙi yana marmashewa, ya nuna kenan. Karas dai ko takin ya nuna ki rage masa, taki da tsakuwa su ke sa shi fitowa da ƙafa biyu ko uku.

Anti Larai, Bukuru:

Maman Hanifa sannu da ƙoƙari, duk abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni kan na'a-na'ar nan zan ja miki kunne, kar ki dasa ta cikin fili ɗaya da sauran, ki nemo tsohon bokiti ki huda gindinsa ki sa ta ita kaɗai, dan ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo, ni na dasa reshe uku gefen albasata kafin damina ta fita ta mamaye wurin gaba ɗaya sai da na tone komai, kuma kinga inuwar katangar da kike faɗa ita ma bata damu ba, can ma tafi so. Daddoya ba sai kin sayi iri ba, ki karyo reshe ki tsoma a kofin ruwa kwana kaɗan za kiga farar saiwa, sai ki dasa. Lawashi kuma gindin albasar da kike yankewa ki zubar, ki turbuɗa shi a ƙasa zai tofo. Karas ɗin ki gwada a buhu, ki cika da ƙasa mai laushi da yashi, ki cakuɗa irin da yashi kafin ki yafa dan kar ya taru wuri ɗaya, kuma shi ba'a dasa shi, inda ya tsiro nan zai zauna, yakan kai sati biyu kafin ya fito kar ki ce irin ne ya mutu. Abin da yafi ɓata min rai ƙadangaru ne, tsiro na fitowa suke bi suna datsewa, ki samu tsohon gidan sauro ki lulluɓa a kai, in anyi ƙanƙara ma yana ɗan tarewa.

Abba na Unguwar Rogo:

Maman Hanifa ni kan tumatir zan ɗan tsoma baki. Gaskiya ban so ki sa ranki a kansa wannan karon ba. Jos na sama da mita 1,200 a tudu, sanyin nan shi ya sa kabeji da karas da dankalin turawa ke yi mana kyau, amma sanyi da laima in sun haɗu a tsakiyar damina su ne ke kawo ciwon da ke sa ganyen tumatir yin baƙi-baƙi kamar an babbaka, irin wanda ke kama dankali, cikin yan kwanaki sai kiga ya kwanta. Shi ya sa tumatir ke tsada a kasuwar Farin Gada lokacin. In dai kina so ki gwada, kiyi renon irin yanzu a roba ƙarƙashin rumfa, bayan sati uku zuwa huɗu ki dasa gindi biyar ko shida kawai, ki basu tazara kamar santimita 60, ki kafa musu sanda ki ɗaure, ki cire ganyen ƙasa da ke taɓa laka. Latas ma ki ajiye rabin irin sai Oktoba, yafi son sanyin hunturu. Alayyahu da yakuwa da rama da kuɓewa su ne yan damina, alayyahu wata ɗaya kin fara yanka. Kuma ƙasar tamu tana da tsami, ki barbaɗa tokar murhu kaɗan ki gauraya, amma kar ki haɗa ta da kashin kajin rana ɗaya, tana korar ƙarfinsa.

Maman Hanifa, Rikkos:

Kai nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara girma, muna da rijiya a gidan sai dai tayi ƙasa sosai yanzu, guga biyar shida take bayarwa da asuba. Na fasa shuka komai, gobe Asabar ƙannen maigida za suzo da diga. Amma Baba alayyahun kawai, ko ɗan layi ɗaya ne, ba zan iya yafawa yanzu ba? Raina na kansa wlh.

Baba Sabo mai lambu:

Yafa abinki ƴata, guga biyu ya ishi layi ɗaya. Ki roƙi masu awaki a unguwa su baki tsohon taki wanda ya bushe ki sa a wurin tunda naki bai nuna ba. Kar ki binne irin, ƙanana ne, ki bi da tafin hannu ki ɗan danna, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ki riƙa yayyafa ruwa ta saman ciyawar da yamma. Kwana huɗu ko biyar ki ɗaga ki duba, in kinga kore ki janye ciyawar ki sa gidan sauron da Hajiya Larai ta faɗa.