Ummi za ta shiga makarantar rainon yara, kuma hanyar Gombe tana ba mu wuya

Maman Ummi, Fadaman Mada, Bauchi:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina neman shawararku a kan abubuwa biyu da suka haɗe mini lokaci guda. 'Yata tana da shekara 2 da wata 9, kuma mun yanke shawarar sanya ta a makarantar rainon yara idan an koma karatu a watan Satumba, domin ni ma zan koma bakin aiki. Yarinyar tana da ƙiwa ƙwarai. Ko ƙanwata ce ta miƙo hannu, sai ta cusa fuskarta cikin hijabina ta riƙe gam. Abu na biyu, mahaifinta yana aiki a Gombe, kuma duk bayan mako biyu ƙanensa yakan kai mu can a mota. Lafiya lau take zama har mu kai gadar Dindima, daga nan kuwa sai kuka har cikin gari, kuma sau biyu tana yin amai bayan na ba ta waya don ta yi shiru. Yaya zan yi in sauƙaƙa mata duka biyun?

Malamar ajin ƙanana, Yelwa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙiwa a wannan shekarun ba aibu ba ce, alama ce ta yarinyar da ta san mahaifiyarta ta kuma dogara da ita, don haka kada ki bari a tsorata ki da cewa kin sangarta ta. Abin da nake roƙon iyaye a kowace shekara guda ɗaya ne: kada su sulale. Uwa da yawa takan jira har yaro ya shagala da abin wasa, sannan ta zame ta fice, tana ganin ta rage masa kuka. Mu da muke cikin ajin mun san abin da ke biyo baya, domin da zarar ya waiwaya bai gan ta ba, sai ya yini a bakin ƙofa riƙe da takalminsa, washegari kuma ya ƙi sakin zanenta ko kaɗan, tunda ya gane cewa tana iya ɓacewa ba sallama. Ki durƙusa daidai tsayinta, ki ce mata za ki dawo bayan an ci abinci, ki miƙa ta hannun malamarta, ki tafi ba tare da kin dawo leƙe ta taga ba. Za ta yi kuka, ke ma wataƙila ki yi a hanya, amma idan kin dawo a lokacin da kika faɗa, kwana bayan kwana, maganarki za ta zama abin da take jingina da shi.

Kafin a buɗe makarantar, ki nemi izini ki kai ta ta ga ajin sau biyu ko uku, ta san sunan malamarta, ta ga inda ake ajiye fo da inda ake wanke hannu. Ki gyara lokacin barcinta tun makonni biyu kafin ranar, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, har da na rana, kuma yawancin rigimar safiya da muke gani rashin barci ne ke kawo ta. A makon farko ki ɗauke ta da wuri idan hali ya yi. Ki kuma rubuta sunanta a gorar ruwa da kwanon abinci.

Baban 'yan biyu, Pantami, Gombe:

Hajiya, ni zan yi magana a kan hanya, tunda na daɗe ina bin ta da yarana. Tsakanin Bauchi da Gombe kusan kilomita 150 ne, kuma hakan ya yi wa ƙaramin yaro yawa a zama ɗaya. Mu mukan tashi bayan sallar Asuba, lokacin da gari bai yi zafi ba kuma yaran ba su gama wartsakewa ba, sai su yi rabin tafiyar cikin barci. A Alkaleri mukan tsaya kamar minti 15, a sauke su su taka ƙasa, a canza kunzugu, su sha ruwa, sannan a ci gaba.

Amai da kika ambata, wayar ce sila. Idan idon yaro yana kan abu guda da ba ya motsi, alhali jikinsa yana jin girgizar mota da ramukan hanya, sai jiri da tashin zuciya su taso masa. Ki ɗauke wayar, ki ɗan sauke gilashi iska ta shigo, kuma kada ki cika mata ciki da abinci mai maiƙo kafin tashi. Ina kuma roƙon ki da ki daina riƙe ta a cinya, musamman a gaba. Ki nema mata kujerar yara wadda ake ɗaurewa da bel a kujerar baya, domin idan aka taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro komai son da take masa. Gyaɗa da aya da masu talla ke miƙowa ta taga kada a ba ta, suna shaƙe ƙananan yara. Ayaba ko biredi sun fi. Kuma ko na minti biyu ne, kada a bar ta a rufaffiyar mota, balle a zafin Maris da Afrilu.

Kakar yara, Jahun:

Ɗiyata, ki zauna kusa da ita a baya, ki zama ke ce abin kallonta. Ki nuna mata shanu, ki ce ta gaida su. Idan kun zo gadar Dindima ki ce mata ga kogin Gongola, ta ɗaga masa hannu, har ta saba ta riƙa jiran wurin da kanta. Idan ta fara ƙunƙuni ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ki kawo mata Gizo da Ƙoƙi, ko da labari ɗaya ne kullum, domin yara a wannan shekarun maimaici suke so. Jikata takan tafi ko'ina da wani tsohon ɗankwalin uwarta, ta murza shi a kumatu har barci ya ɗauke ta, kuma da shi ta shiga makaranta a cikin jakarta.

Maman Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganar sulalewa ta taɓa ni, domin haka nake yi mata ko kasuwar Wunti zan je, kuma daga yau na daina. Na yi magana da mahaifinta a kan kujerar, ya ce zai nemo kafin tafiyarmu ta gaba. Inna, akwai wani mayafina da take ja duk dare idan za ta yi barci. Ranar Asabar zan sa shi a jakarta, mu tashi bayan Asuba, mu tsaya a Alkaleri in Allah ya yarda.