Musayar Baitoci Kan Tazarcen Tanja

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga baitocina kan marigayi Baba Tanja Mamadu, tsohon shugaban Nijar, mai ja ya amsa da waƙa.

Da sunan Ta'ala nake buɗe zance,
Kan Baba Tanja ba zan yi shiru ba.

A 2008 ya aza tubalin madatsar ruwan Kandaji,
Na gabansa ba su kai ga hakan ba.

Matatar mai ya kawo ta Damagaram,
Da 'yan Sin, ba mu taɓa ganin irinta ba.

Talakawa suka ce ya ƙara shekara uku,
Aikin da ya faro bai kammala ba.

Aka kaɗa ƙuri'a ran 4 ga Agustan 2009,
Masu cewa ya zarce ba su yi kaɗan ba.

In jama'a ce ta rubuta doka,
Don me ba za ta iya sauya ta ba?

Hajiya 'Yar Maraɗi

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Tanja, amma ina da ja.

Ƙanena na ji zancenka sarai,
Aikin Tanja yana nan ƙwarai,
Ban ce bai yi wa ƙasa ba, kai,
Tambayata a kan rantsuwa.

Ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a,
Ga tsarin mulkin 1999 zai yi ɗa'a,
Biyar sau biyu, ba ƙarin ko sa'a,
Aya ta 36 ba ta da ruɗarwa.

Ta 136 kuwa cewa ta yi a tsaya,
Wa'adin shugaba ba a taɓa shi ko ɗaya,
Ko majalisa, ko ƙuri'a, duk ɗaya,
Wannan ƙofa ba ta buɗuwa.

Kotun tsarin mulki ta yi zama,
Fatimata Bazeye ce ke kan sama,
Ta ce ƙuri'ar nan ba ta da dama,
Ya amsa mata da rusawa.

Majalisa ya rushe ta a Mayu,
Kotu ta bi ta a Yuni, sun zama biyu,
Wa ya rage ya ce masa bai yiwu?
Sai masu kiɗa da masu rawa.

Ƙuri'ar Agusta da kake ta faɗi,
'Yan adawa sun ƙaurace, ba daɗi,
Mai nema shi ya gindaya sharaɗi,
Ina abin dogarawa?

Malam Na Zazzau

Hajiya sannu, kin taɓo inda ke ciwo,
Bari in kawo namu na Najeriya.

A 2006 aka shigo da ƙudurin gyara,
Wa'adi na uku ga Obasanjo ta ƙofar baya.

Sanatoci suka miƙe suna faɗin matsayinsu,
Talabijin na nuna wa duniya.

Ran 16 ga Mayu, Ken Nnamani na kujera,
Suka yi watsi da shi gaba ɗaya.

Ba tankar yaƙi, ba harbi a Abuja,
A Mayun 2007 mutum ya sauka lafiya.

Namu shugaba doka ba ta ba shi iko
Ya rushe majalisa don ta ƙiya.

Naku an ba shi wannan, Hajiya,
Amma taɓa kotu, ba shi da shi ko ɗaya.

Ɗan Damagaram

Malam da Hajiya na ji bayaninku,
Sai dai ƙarshen labarin ba ku faɗa ba.

Ran 18 ga Fabrairun 2010 da rana,
Ba alƙali ne ya shiga fada ba.

Salu Jibo ne da bindigar soja,
Ban gan ta a ayar tsarin mulki ba.

Masu kukan doka suka fito murna a Yamai,
Wannan tafin ban gane masa ba.

Hajiya 'Yar Maraɗi

Ƙanena ban yi tafi ba ran nan,
Soja ma ya take doka haka nan,
Ya jingine tsarin mulki nan da nan,
Wannan ma ɓarna ce, ba gyarawa.

Matatar da aka ce sai da shi,
An buɗe ta 2011 ba shi,
Shugaba Isufu ya yi goma ya tashi,
A 2021, ba a kai ga korawa.

Da Tanja ya bar wa kotu kujerarta,
Ya bi hukuncin da ta karanta,
Da soja ya rasa ƙofar da zai bi ta,
Da ƙuri'a ce ta yi rabawa.

To amsa mini, kar ka sauya batu,
Bayan ya zuba nasa mutane a kotu,
Talaka in an danne shi ya rasa hutu,
Ƙararsa gun wa zai kai, gun wa?