Cyberpunk 2 da Edgerunners 2: me za a tanada, me za a jira?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masana a taimaka. Maganar wasan bidiyon Cyberpunk na biyu ta cika ko'ina, ga kuma katun ɗinsa, Edgerunners 2, da aka ce yana tafe. Mutum ya fara haɗa kwamfuta tun yanzu ne, ko ya dakata? Kuma wanne zai riga fitowa?

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanina. Dakata, kada ka sayi ko da fanka da sunan wannan wasan. Ga abin da ya tabbata daga bakin kamfanin CD Projekt Red na Folan: wasan da ake kira Project Orion a da, shi ne yanzu suke kira Cyberpunk 2. A watan Mayun 2025 suka ce ya shiga matakin share fage, wato ana kan tsara labari da gwada dabaru, ba a kai ga cikakken gini ba. Ofisoshinsu na Boston a Amurka da Bankuba a Kanada ne ke aikin. Su da kansu sun ce daga wannan matakin zuwa fitowa yakan ɗauke su shekara 4 zuwa 5. Ga The Witcher 4 a gabansa a layi. Katin hoton (ɓangaren kwamfuta mai zana hotunan wasa) da ka saya yau da tsada, kafin lokacin ya zama tsohon yayi.

Hajiyar Anime: Katun ɗin ne zai riga, wannan kam ba sai an yi musu ba. An sanar da Edgerunners 2 a taron Anime Expo na Los Anjalis a watan Yulin 2025. Studio Trigger na Japan ne dai za su sake zana shi, kashi 10 kamar na farko, kuma Bartosz Sztybor ya dawo wajen labari. Abin da ya canza shi ne darakta. Hiroyuki Imaishi ne ya ja na farko, wannan karon Kai Ikarashi ne. Duk mai son ya hango yadda hannunsa yake ya koma ya kalli kashi na 6 na farkon, yana da babban hannu a cikinsa. Ku lura da yadda fuskoki ke murguɗewa, layin zane ya yi kauri ya yi datti a daidai lokacin da hankalin Maine, shugaban gungun 'yan katun ɗin, ke gushewa. Ni a ganina wannan kashin ya fi sauran nauyi, shi ya sa zaɓen ya kwanta mini.

Ɗan Fagge: To Hajiya su Lucy na katun farko za su dawo?

Hajiyar Anime: An faɗa ƙarara cewa sabon labari ne mai zaman kansa, da sababbin mutane, a garin Night City. Masu cewa za a ci gaba daga inda aka tsaya fata suke yi. A iya hango wani tsohon a gefe, irin su Falco ko Rogue, tunda gari ɗaya ne, amma wannan hasashe ne, a riƙe shi a matsayin hasashe.

Admin: A kula don Allah, kada a fasa ƙwai kan ƙarshen na farko. Akwai waɗanda ba su kalla ba a zauren nan.

Malam Kabiru Mai Gyara: Ƙari kan maganar Injiniya. Kamfanin ya bar injinsa na gida, wato manhajar da suke gina wasa da ita, REDengine, ya koma Unreal Engine 5. Wannan yana da ma'ana ga aljihunka. Wasannin da aka gina da shi sun yi suna wajen cin ƙwaƙwalwar katin hoto, da kuma 'yar tsayawar nan ta ƙiftawar ido idan ka shiga sabuwar unguwa. Dalili biyu ne: ko kwamfutar tana harhaɗa shada (shader, 'yan manhajojin da ke zana haske da launi) a karon farko, ko tana jawo kayan unguwar daga faifai ba su iso da wuri ba. Na farkon yana raguwa idan ka bar wasan ya gama harhaɗawa kafin ka fara, kada ka tsallake shi don gaggawa. Na biyun SSD mai sauri ne maganinsa. Saboda haka in dole sai ka sayi wani abu yanzu, sayi abin da ba ya tsufa da wuri: SSD irin NVMe mai 1TB, akwati mai shan iska sosai, da abin raba wuta mai inganci, kamar wat 650 zuwa 750 daga kamfanin da aka sani. Katin hoto shi ne na ƙarshe, sai sun fitar da jerin buƙatu.

Injiniya: Haka ne Malam. Kuma a haɗa da UPS. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa tana lalata fayil ɗin ajiya, tana kuma taɓa SSD. Don kwamfutar da ke jan wat 400 zuwa 500, nemi mai 1500VA, na 650VA ɗin nan na ofis ƙara kawai zai yi ya mutu da ita.

Ɗan Maraɗi: Ni shawarata a fara da abin da ke hannu. Wanda bai buga wasan farko, Cyberpunk 2077, ba bayan gyaran 2.0 na Satumban 2023 bai san wasan ba. Amma a kiyaye wannan, don mutane da yawa suna faɗawa: PS4 da Xbox One ba su samu 2.0 ba, ba su samu ƙarin labarin nan Phantom Liberty ba, an tsaya musu a 1.6. Ka sayi faifan PS4 na hannu ka sa a PS4, tsohon wasan za ka samu. Ka sa shi a PS5 mai cin faifai, za ka iya ɗaukaka shi kyauta zuwa na PS5. A kwamfuta mafi ƙarancin abin da suke nema yanzu shi ne RAM 12GB, kati irin GTX 1060 mai 6GB, da fili 70GB a SSD. Da tsohon faifai mai juyawa za ka ga motoci da mutane suna ɓullowa a gabanka daga sama, titi ba ya gama zanuwa.

Ɗan Fagge: 70GB da data? Kai!

Ɗan Maraɗi: Lissafa: a gudun 10Mbps, 70GB awa 15 da rabi ne in layi bai yanke ba. Steam, shagon sayen wasanni a kwamfuta, yana ci gaba daga inda ya tsaya, saboda haka raba shi dare uku ko huɗu da datar dare. Mafi sauƙi, in wani ya riga ya sauke, a kwafo fayilolin a faifan waje, ka sayi naka lasisin, ka nuna wa Steam inda suke, zai tantance ya sauke ɗan abin da ya rage kawai.

Hajiyar Anime: Katun ɗin kuwa bai kai haka ba. Kashi 10, kowanne kusan minti 25, wato awa 4 da 'yan kai. A Netflix matsakaicin hoto yana cin kamar 0.7GB a awa, kusan 3GB ke nan duka. A HD zai iya kai 12GB. Kuma ina roƙo, kalmar katun kada ta ruɗi kowa. Akwai jini sosai, akwai tsiraici, akwai zagi. Ba na yara ba ne, ba na falo ba ne. Wasan yana da maɓallin rufe tsiraici a cikin saiti, katun ɗin ba shi da shi.

Oga Sandevistan: Jerin da ya fi daɗi: kalli katun, sannan ka buga wasan, don labarin katun ya faru kafin na V, jarumin wasan. In ka shiga, ga inda kayan 'yan katun ɗin suke a cikin wasan. Rigar David, jarumin katun: je Megabuilding H4 a Arroyo cikin Santo Domingo, a lungun gefe akwai kwandon shara da na'urar BD (ta kallon abin da wani ya naɗa) a ciki, ka kalla, aikin Over the Edge zai buɗe. Ka tura wa El Capitan, dillalin aiki a wasan, saƙo, ka tsallake lokaci, Falco zai neme ka. Bindigar Rebecca, Guts, tana cikin shuke-shuken Memorial Park kusa da hasumiyar Arasaka. Tana da mugun ja da baya, in ba ka zuba maki a Body, wato ƙarfin jiki, ba harbi na biyu sama zai tafi. Mai son salon David kuma ya sani Sandevistan (na'urar rage gudun lokaci) da cyberdeck (na'urar kutse) gurbi ɗaya suke zama, ka sa ɗaya ka rasa ɗaya, ba kutse daga nesa. Perk ɗin Edgerunner, wato baiwar da ake buɗewa da maki, yana buƙatar Technical Ability 20, yana barinka ka wuce iyakar na'urorin da za a dasa maka a jiki, amma yana rage maka lafiya gwargwadon yadda ka wuce. Mutane suna cika shi maƙil sannan su yi mamakin faɗuwa da harsashi biyu.

Injiniya: Maganar da ake ta yaɗawa cewa Cyberpunk 2 zai zo da gari na biyu tana da tushe. Mike Pondsmith, wanda ya ƙirƙiro duniyar tun wasan tebur na 1988, ya ce Night City tana nan, kuma akwai wani garin da za a ziyarta wanda ya ji masa kamar Shikago da ta lalace. "Kamar" ya ce. Bai ce Shikago ce ba, masu bidiyo ne suka cire kamar ɗin. Batun buga wasa da jama'a ta intanet kuwa, a tuna sun taɓa shirya wa 2077 irinsa suka soke.

Malam Kabiru Mai Gyara: Kuma ranar da aka buɗe sayen wasan tun kafin ya fito, a riƙe kuɗi. A Disamban 2020 wasan farko ya fito a lalace a tsofaffin na'urori har Sony ta cire shi daga shagonta, bai koma ba sai Yunin 2021. A jira mako ɗaya, a ga gwajin da aka yi a irin na'urarka, ba a kan kwamfutar miliyoyi ba. A Disamban 2020 ɗin ma an yaɗa wani fayil na Android da sunan Cyberpunk na waya, ashe manhajar kulle fayiloli ce mai neman kuɗin fansa. Duk mahaɗin da ya ce maka ga gwajin Cyberpunk 2, kada ka taɓa.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: laftof ce da ni mai GTX 1650, RAM 8GB. Za ta ja 2077?

Malam Kabiru Mai Gyara: Tana ƙasa da abin da suke nema, amma za ta tashi. Ƙara RAM zuwa 16GB, sanda biyu masu 8 iri ɗaya, ba ɗaya mai 16 ba. Sa komai a Low, kunna FSR (saitin da ke rage wa katin hoto nauyi) a Quality ko Balanced, rage yawan jama'ar titi, ka kulle shi a firam 30. Katin 4GB ne, kada ka ɗaga Textures sama, nan take zai fara sarƙewa. Ka buga tana jone da caja, ka ɗaga bayanta da wani abu don iska ta shiga, in hunturu ya wuce kuma a buɗe a kakkaɓe ƙurar fanka a canza man sanyaya.