Shawara ɗaukar ɗaki: ta dace da "consult" kuwa?

Tela, Funtuwa: Assalamu alaikum. Ina zuwa ajin manya da daddare in na rufe shago. Jiya malaminmu ya zo da kwalin maganin tari, ya sa muka karanta rubutun jikinsa: "consult your doctor". Ya ce consult neman shawara ne, ya ɗora da cewa shawara ɗaukar ɗaki. Na kwana da abin a raina bai zauna ba. Ni da likita ai ba ɗaki muke ɗauka tare ba, shi ya sani, ni ban sani ba. Karin maganar ce ban gane ba, ko kalmar?

Dattijo, Maraɗi: Wa alaikumus salam, ɗana. Da alama ba ka taɓa tsayawa inda ake ɗora jinka ba. A ƙasa ake haɗa ta, a kafa tsaiko, a bi shi da tanka a ɗaure tam. Ranar ɗorawa sai a kira maƙwabta, kowa ya duƙa ya kama gefensa. In mutum ɗaya ya yi gaggawa ya riga sauran ɗagawa, sai ta karkace ta danne na ɗaya ɓangaren. Shi ya sa ake jira wani ya ce bisimillah, a miƙe gaba ɗaya har ta zauna a kan bango. Abin da Bahaushe ya gani ke nan. Maganar aure, rabon gado, sayar da gonar gida, duk irin wannan nauyin ne, kuma ƙanwar wannan karin ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shakkarka tana da tushe. Zuwa wurin likita kuwa, matambayi ba ya ɓata za a ce.

Malamar Turanci, Zariya: Baba ya kawo ta yadda take, kuma Turancin ma ya rabu gida biyu kamar haka. In ka ce "consult a doctor" ko "consult a lawyer", ka je wurin wanda ya fi ka sani ne. Har abin da ba ya magana ana yi masa: "consult a dictionary", wato ka buɗe ƙamus ka duba. In kuwa aka sa "with", kamar "I consulted with my brothers", to zama aka yi, kowa ya faɗi nasa. Nan ne ɗaukar ɗaki ya shigo.

Abin da ya fi damuna a aji daban ne, kuma daga Hausarmu ya taso. Muna cewa "na shawarci yayana kafin in sayi fili", ma'ana na nemi ra'ayinsa. A labaran rediyo kuma mu ji "an shawarci manoma da su yi shuka da wuri", ma'ana an ba su shawara. Kalma ɗaya, baki biyu. Sai yarinya ta rubuta mini "I consulted her to go to hospital", alhali so take ta ce ta ba ta shawarar zuwa asibiti. Wannan advise ne. Mai consult karɓa yake yi, mai advise bayarwa. Takardun da na ja wa jan biro a kan wannan ba su ƙirguwa, kuma ba na ganin laifin yaran, don ba a taɓa raba musu ba.

Ma'aikacin jinya, Kano: Baba, a gafarce ni, ban yarda an fitar da likita daga karin maganar nan ba. Na taɓa tsayawa wata baiwar Allah tana gaban likita da ciwon ciki. An tambaye ta ko ta sha wani abu, ta ce a'a. Sai da muka fito baranda ta kwance bakin zaninta ta nuna mini ƙwayoyin ciwon jiki da ta yi makonni tana sha ba da abinci ba. Na mayar da ita ciki, aka canza takardar magani. Likita yana riƙe da gefensa, amma in marar lafiya ya saki nasa, jinkar faɗuwa za ta yi. Af, daga kalmar consult ne ma aka samo consultant, babban likitan da ƙananan likitoci ke kai wa abin da ya gagare su.

Dattijo, Maraɗi: Na ji ka, kuma ka kawo hujja. Sai dai a ɗaukar ɗaki duk wanda ya kama yana da ikon cewa a dakata. Marar lafiya bayani yake bayarwa, likita ke yankewa. Mu ma nan Nijar da Faransanci consulter ake cewa, ganin likita kuma consultation, ban taɓa jin wanda ya kira shi zaman shawara ba.

Mai sauraron rediyo, Kaduna: Kun bar kalma ɗaya a baya, tuntuɓa. Arewa Consultative Forum da aka kafa a 2000, Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ake kiranta a labarai. Ɗan siyasa ma kafin ya fito takara cewa yake yana kan tuntuɓa. A kunnena ita ta fi kusa da consult, don wanda ya tuntuɓe ka bai yi alkawarin bin abin da ka ce ba.

Malamin Islamiyya, Sakkwato: Haka ne, kuma ita shawarar ma ba ta ɗaure mai nemanta. Asalinta ɗaya da shura ta Larabci. A Suratu Ali Imrana aya ta 159 an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya shawarci sahabbai, a ayar kuma aka ce in ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Kafin yaƙin Uhudu ya tambaye su ko a tsaya cikin Madina ko a fita. Ku lura, a nan wanda ya fi kowa sani ne ke tambayar na ƙasa da shi. Don haka Malama, ba kullum ake haurawa sama ba.

Malamar Turanci, Zariya: Na karɓi gyara, Malam. Turancin ma ya yarda da haka: shugaban ma'aikata yakan yi consulting ma'aikatansa kafin ya canza lokacin aiki, in bai yi ba ka ji suna ƙorafin "we were not consulted".

Tela, Funtuwa: Allah ya saka da alheri. Ina so in sayar da tsohon keken ɗinkina in ƙara kuɗi in sayi na lantarki, na kuma yi magana da maigidana da ya koya mini ɗinki. Malama, duba mini: "I consulted my master for the machine."

Malamar Turanci, Zariya: Saura kaɗan. Cire "for" ka sa "about". Me maigidan naka ya ce?

Tela, Funtuwa: Ya ce kada in rabu da na ƙafa sai na ga yadda wuta za ta zauna a layinmu.